Makubar Gwangwani

Turai tana cikin tsiyaya kunu daga fulas zuwa kofi ta ji mahaifiyarta, Inna Kulu, tana gaya wa matar gadon kusa abin da ba ta taɓa gaya wa 'ya'yanta ba.

Da safen nan aka yi wa Inna aikin yanar ido a asibitin Birnin Kudu. Da idon dama aka fara, an liƙe shi da auduga da filasta, sai gobe likita zai buɗe. Na hagu yana nan da yanarsa, fari kamar an ɗiga masa nono, yana jiran nasa layin. Matar gadon kusa wata doguwar tsohuwa ce daga Kiyako, A'i, ita ma an liƙe mata ido ɗaya, kuma tun da aka fito da su daga tiyata bakinta bai huta ba. Ta tambayi Inna garinsu, ta tambayi jikoki, ta tambayi ko gero ya yi kyau bara a Gwaram, sannan ta gangaro kan abin da ke cinta.

"Ni dai ɗana ne ya matsa mini lamba. Ke fa, wa ya lallashe ki har kika yarda aka sa miki wuƙa a ido?"

Turai ta gyara zaman tabarau. Ta san amsar, don ita ce amsar. Shekara da shekaru tana fama da tsohuwar nan, ta kawo mata misalin wance da wance da aka yi wa suka warke, har ma'aikacin asibiti ta taɓa ɗauka a mota ta kai shi Gwaram ya yi bayani. Ita da ta riƙe makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, ta san yadda ake sa mai taurin kai ya sauko.

"Babu wanda ya lallashe ni," in ji Inna. "Bango nake so in gani."

"Bango kuma?"

"Na ɗakina. Waccan ce ta yi mini shi, babbar, wadda ta rasu."

Waccan ita ce Hadijatu, yayar Turai. 'Yar fari ce, kuma Inna mutuniyar da ce, jinin Fulanin da suka ajiye sanda suka kama fartanya amma ba su ajiye kunya ba. Ba ta taɓa kiran sunan Hadijatu ba, ba ta taɓa yabon ta a gaban mutane ba, ranar da aka fita da gawarta ma a bayan rumbu ta yi kukanta. Abin da ba za ta iya faɗa a gidanta ba, ga shi tana zuba wa baƙuwar da ba ta san fuskarta ba.

"Bayan idon ya tafi ne," in ji Inna. "Na riƙa karo da randa, ina laluben ƙofa a inda babu ƙofa. Sai ta taso daga gidan mijinta, ta kwaɓa ƙasa mai laushi, ta yaɓe mini ɗakin da hannunta, ta bi shi da yatsa tun yana ɗanye. Daga gado zuwa ƙofa ta ja mini tudu siriri kamar igiya, in dafa in bi. Wajen randa ta yi igiyar ruwa. Inda alƙibla take ta yi jinjirin wata. Akwai zabi a jere, akwai ludayi, akwai saniya mai ƙaho irin ta babansu. Duk hannuna ya haddace su. Sai guda ɗaya, a saitin kaina in na kwanta. Na shafa, na shafa, na rasa ko mene ne. Na ce ta gaya mini, ta yi dariya ta ce a'a, wannan sai ranar da kika yarda aka gyara miki ido kya gani da kanki. Wayo ta yi mini, kin ji. Ni kuma na kafe. Ba a daɗe ba ciwon ciki ya ɗauke ta."

"Allah ya jiƙan ta."

"Amin."

"To ba ki tambayi masu ido ba?"

"Ta ce da kaina." Inna ta gyara kwanciya. "Shi ya sa da zan taho na ce a yi wa ɗakin makuba. Kin san in an bi zane da ruwan makuba a tsumma yakan fito raɗau. Ba na so in fara ganin sa a koɗe."

Sai da kunu ya cika kofi ya zubo wa Turai a yatsu sannan ta ajiye fulas ɗin.

Ta tuna ranar sarai. Ta je ɗauko Inna ta zo ta zauna a gidanta na Birnin Kudu, don likita ya ce sai hawan jini ya sauka kafin a yi aiki. Ana shigar da Inna mota ta dafa murfin ta ce, kamar mai magana da iska, "Ɗakin nan yana son makuba kafin ruwa ya sauka." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ba wai Turai ba ta san makuba ba ce. Tana yarinya ta sha daka ɓawon ɗorawa bayan an cire gari da kalwa, a jiƙa shi a tsohuwar tukunya har ruwan ya yi ja mai duhu, mata su shafe bango da daɓe da shi don kada ruwa ya ci. Amma a duniyar da ta zauna tun daga makarantar kwana, kalmar ta sake gida. Makuba kalar leshi ce da ake fitarwa anko, kalar mayafi ce, kalar kujerun falon wance. In za a faɗi gaskiya kuwa, ba kuskuren ji ta yi ba, abin da take so ta ji shi ta ji. Ɗakin nan ya daɗe yana tsaye mata a rai. Duk gidan ta taimaka an mai da shi na bulo, sai shi kaɗai ya rage na ƙasa, duhu, bango duk tudu da kwari. Da abokan aikinta suka je ta'aziyyar Hadijatu, a can aka zaunar da su, kuma ta ga yadda wata ta ɗaga kai ta kalli rufin azara ta sauke.

Don haka washegari ta shiga kasuwa. Mai shagon fenti ya buɗe mata katin kaloli, ta bi da yatsa tsakanin ruwan hanta da ruwan ƙasa har ta tsaya a kan wanda take nufi.

"Makuba ke nan," in ji mai shago. "Hajiya kin iya zaɓe. Wannan ba ya nuna datti, kuma mai mai ne, ko jika ya goga hannu sai a sa tsumma a goge."

Ta aika da gwangwanayen fenti Gwaram, ta aika da siminti, da silin, da ledar ƙasa, da labule mai ruwan madara wanda zai haska kalar. Ta kira ƙaninta Hambali, wanda ke zaune a gidan da iyalinsa, ta ce ya samo magini, kuma kada kowa ya kuskura ya gaya wa Inna. So take ranar da aka mai da tsohuwar gida da sabon ido, abin da za ta fara gani ya zama sabon ɗaki. Wannan ɗabi'a ta yi wa mutum alheri a ɓoye don a ga ya zabura, in ba a talabijin ba ba a san inda aka samo ta ba. Da can in za a taɓa ɗakin tsohuwa, tsohuwar ake fara tambaya.

Turai ta goge yatsunta, ta miƙa wa Inna kofin, ta fita baranda ta kira Hambali. Wayarsa a kashe. Ta kira matarsa Na'ima, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Abu ɗaya ta riƙe: shekaranjiya da suka yi magana Hambali ya ce, "Aiki ya yi nisa, saura bango ɗaya." Bango ɗaya. Gadon Inna na ƙarfe ne mai rumfa, nauyi gare shi, duk magini mai son jikinsa bangon da gado yake zai bari ƙarshe.

Ta dawo ta roƙi surukar A'i da ke jinyarta ta riƙa duba mata Inna, sannan ta sunkuya kusa da kunnen Inna.

"Inna, zan je gida in ɗauko miki zane. Wannan ya ɓaci da kunu."

"Ni ban ji ya jiƙe ba."

"Ta gefe ne."

"To a dawo lafiya."

A tasha motar Gwaram tana jiran cikon mutum biyu. Turai ta ce a tafi, ita za ta biya kuɗin mutum biyun. Direban ya dube ta, ya dubi leshinta, ya ce, "Hajiya, Allah ya sa lafiya," ta ce lafiya lau, don ba ta san sunan da za ta ba abin ba. Ba rasuwa ba ce, ba gobara ba ce. Wa zai ce ya bar uwarsa a gadon asibiti ya kama hanya saboda bango?

Suka fita gari, duwatsu suka koma baya, gonaki suka buɗe. An yi ruwan farko, mutane sun fito ana ta shuka. Turai ta jingina kai da gilashi tana ƙoƙarin ganin bangon a zuciyarta. Ta shiga ɗakin nan ba adadi. Ta kwana a ciki. Ta tuna duhunsa, ta tuna sanyin ƙasa da ƙanshin man shanu, ta tuna ƙusar da ta kafa da hannunta ta rataya kalanda, ko a kan zabuwa ta kafa ta ko a kan saniya, Allah kaɗai ya sani. Ta tuna ranar da ta fara ganin aikin ta ce, "Adda, gidajen kyankyaso kika gina wa Inna?" Hadijatu tana tsugune tana wanke hannu a ƙwarya, ta yi dariya ta ce, "Su ma ai bayin Allah ne." Amma abin da ke saitin kan gado, ko inuwarsa ba ta zo mata ba.

Sai ta tuna waya. Ta shiga hotuna tana ja da yatsa, bikin wance, taron tsofaffin ɗalibai, jikoki, har ta kai kan na Sallar bara: Inna a bakin gadonta cikin sabuwar atamfa, jikoki sun kewaye ta. A bayansu kuwa farin zanen gado ne a rataye daga sama har ƙasa. Ita Turai ce ta sa aka rataya shi, don za ta tura hoton wa mutane kuma ba ta so bangon ya fito. Ta kifa wayar a cinya.

Tun daga zaure warin fenti da kananzir ya tare ta. Na'ima tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta gan ta, ta watsar da rariya ta rangaɗa guɗa.

"Adda Turai! Ba ki iya haƙuri ba ke nan, sai da kika zo gani! Ya mai jiki? An yi aikin? Zo, zo ki ga ɗaki, wallahi jiya har matan maƙwabta suka shigo kallo, wata ta ce ko amarya za a kawo wa Inna."

Gadon ƙarfen yana tsakar gida a ƙarƙashin darbejiya, an jingine katifar a jikinsa. Turai ta gan shi, ta gane an riga an kai ga bangonsa, amma ta bi Na'ima.

Ɗakin ya yi kyau. Da ma a ce ya yi muni, da ta sami wanda za ta yi wa faɗa. Bango ya miƙe sumul, ja mai duhu kamar cikin goron da ya kwana, yana ɗaukar hasken taga yana mayarwa a hankali. Farin silin ya sa ɗakin ya ƙara tsawo. Kalar da ta gani a zuciyarta ce, ba ƙari ba ragi. A kan wani durom magini Ɗan'azumi yana tsaye da rola, yana bin kusurwar ƙarshe. Bango ɗayan da ya rage, ashe na fenti ne.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Kin zo a daidai, yanzu nake sa hannu na biyu."

"Abin da ke jikin bangon fa?"

"Wane abu?"

"Zanen."

"Au, tudun nan? Ai tun ranar farko muka kankare. Siminti ba ya zama a kan tudu da kwari, ballantana bangon da ya sha makuba, santsi gare shi. Sai da muka fafe shi muka kafa ƙusoshi sannan ya kama. Malam Hambali ya ce kin ce sumul kike so, kamar ƙwai."

Haka ta ce. Har da ƙwan.

Ta taka zuwa inda kan gadon yake a da, ta ɗora tafin hannu a bango, a daidai inda hannun mai kwance zai kai. Fentin bai bushe ba. Ta janye hannun ya yi ja, ta bar sawun yatsu biyar a jiki. Ɗan'azumi ya sauko ya bi wurin da rola sau biyu, sawun ya ɓace.

"Malam, a nan akwai wani zane babba. Kai ka kankare shi?"

"Ni ne."

"Mene ne?"

Ya sosa ƙeya da gindin rola. "To, kamar kunkuru dai. Abu ne zagayayye da 'yan ƙafafu."

"Kunkuru a ina!" in ji Na'ima daga bakin ƙofa. "Fure ne, irin na jikin kwalla. Ni da nake share ɗakin kullum."

"Kin tabbata?"

Na'ima ta buɗe baki, ta rufe. "Ko rana ce? Akwai dai wasu abubuwa da suka fito ta gefe-gefe."

Ana cikin haka Hambali ya shigo daga gona, ƙafafunsa duk laka, buhun iri a kafaɗa. Ya ga fuskar yayarsa ya sauke buhun da sauri.

"Inna ce?"

"Inna lafiyarta ƙalau." Ta ja shi gefe, ƙarƙashin darbejiya, ta gaya masa abin da ta ji a asibiti, tun daga igiyar ruwa har zuwa abin da Hadijatu ta ƙi faɗa. Yana ji yana sunkuyar da kai, har ya zauna a kan ƙarfen gadon.

"Kai ka san Adda Hadijatu ce ta yi shi?"

"Na sani mana. Ni na ɗebo mata ƙasar a amalanke."

"To me ya sa ba ka hana ni ba?"

Ya ɗago ya dube ta, ba da fushi ba. "Adda, wa ya taɓa hana ki abu a gidan nan?"

Ta bar wannan ta wuce, don ba ta da inda za ta ajiye ta. "Na saitin kan gado, mene ne?"

"Ni fa tun da na girma ba na wuce bakin ƙofa, a nan nake tsugunawa in gaishe ta. Na taɓa hangowa dai. Na ɗauka tukunya ce a kan murhu."

Kunkuru, fure, rana, tukunya. Mutum huɗu masu ido takwas, har da nata masu tabarau.

"Ƙasar da aka kankare fa, ina aka kai?"

An zuba ta a ramin da ruwa ya ci a bayan gida, kuma ruwan shekaranjiya ya sauka a kai. Turai ta tattare leshinta ta tsuguna a bakin ramin, awaki suna kallon ta. Yawanci ya narke ya koma abin da yake tun asali. Ta sa hannu tana tonawa, duk ɓallin da ta ɗago sai ya marmashe. Can ƙarƙashin wani yankin tsohon kwano ta sami guda ɗaya da ruwa bai taɓa ba, bai kai tafin hannu ba. Fuskarsa ta yi baƙi-baƙi da tsohuwar makuba, da kwari uku a jere, lanƙwasassu. Ta sa yatsunta a ciki. Sun yi mata faɗi. Hadijatu manyan hannuwa gare ta, hannun tatsa da daka.

Da ta dawo tsakar gida ta tarar Hambali da matarsa sun gama shawara.

"Adda, ki saurare ni," in ji Hambali. "Ruwan nan na shekaranjiya da iska ya zo, ya kayar da katanga a unguwar nan, kowa ya sani. Sai mu ce bangon ne ya zube, dole aka sake shi. Abin da Allah ya yi, Inna ba ta jayayya da shi. Za ta ce haka aka ƙaddara, shi ke nan."

"Ni zan kama bakin yara," in ji Na'ima. "Ɗan'azumi ma ba mai surutu ba ne."

"Kuma ai an ce wanda aka yi wa aikin ido ba a so ya yi kuka, ko ba haka ba? In kika gaya mata yau kika ɓata aikin, kin ga an yi biyu babu."

Wannan gaskiya ne, ma'aikaciyar jinya ta faɗa da safe: kada ta sunkuya, kada ta murza, kada a tayar mata da hankali. Turai ta wanke hannu da kananzir, jan ya fita daga tafin amma ya maƙale a gefen farce da cikin layukan hannu. Ta naɗe ɓallin ƙasar a hankici ta sa a jaka. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

A hanyar dawowa ta juya maganar ta kowace fuska, kuma ta kowace fuska ƙaryar ta fi kyau. Ta fi sauƙi ga Inna, ta fi lafiya ga idon, ba ta cuci kowa ba. Mutane suna cewa gaskiya tana sanyaya zuciya. Wataƙila ta mai faɗa, amma ba a cika tambayar wanda aka gaya wa ba. Kafin su shigo Birnin Kudu ta gama tsara yadda za ta faɗa, har da inda za ta ce innalillahi.

Ta isa asibiti bayan la'asar. A'i ta yi barci da baki buɗe, surukarta ta fita alwala. Inna tana zaune a gado, ta jingina da matashi, carbi a hannu.

"Kin daɗe," ta ce, tun Turai ba ta yi sallama ba. "Ina zanen?"

Turai ta tsaya cak, ta ɗauka zanen bango ake tambayar ta. Sai daga baya ta gane zanen ɗaurawa ake nufi, wanda ta ce za ta ɗauko. Ko tunawa da shi ba ta yi ba.

"Na manta, Inna."

"Kin je gida ɗauko zane kin manta zane." Inna ta ɗan ɗaga hanci. "Gidan naki fenti ake yi?"

Turai ta zauna a bakin gado. Jawabin da ta tsara yana nan a bakinta, daga iska har katangar maƙwabta. Maimakon haka sai ta ga hannunta ya buɗe jaka, ya warware hankici, ya ɗora ɓallin ƙasar a tafin tsohuwar.

Inna ta ajiye carbi. Babban yatsanta ya bi kwarin nan uku sau ɗaya, ya dawo.

"Na wajen randa ne," ta ce. "Igiyar ruwa, ta ƙasa." Ta juya shi, ta shafa bayan, inda ƙarfe ya fafe. Ta daɗe tana shafawa. "An ce an yi ruwa da iska a can. Faɗowa ya yi?"

Ga ƙofa an buɗe mata, ita Inna da kanta ta buɗe. Abin da ya rage kawai ta ce e.

"A'a, Inna. Ni na sa aka kankare."

"Duka?"

"Duka. An yi siminti, an yi fenti. Kin ce a yi makuba."

"Na ce a yi makuba."

"Ni kuma na sayo ta gwangwani."

"Ana sa ta a gwangwani yanzu?"

"Kalar ce kawai, Inna. Sunan ne."

"To."

Fanka tana juyawa a sama tana ƙara. A gadon ƙarshe wani yana karanta wa tsohuwarsa yadda ake ɗiga magani. Turai ta zura wa audugar nan ido, tana jiran ta ga ta jiƙe.

"Na so in burge ki ne," ta ce, muryarta ta koma ta yarinya.

"Kin burge ni."

"Inna, ki yafe..."

"An ce kada in yi kuka, ko?"

"Haka aka ce."

"To ba zan yi ba. Yaran nan sun sha wahala a kan idon nan tun safe, ba zan ɓata musu aiki ba. Ke ma kada ki yi mini a nan, mutane na barci." Ta rufe hannu a kan ɓallin ƙasar, ta tura shi ƙarƙashin matashi. Sannan ta juyo da fuskarta, ido ɗaya a liƙe, ɗaya fari. "Na saitin kaina. Ke kin sha shiga ɗakin nan da idonki biyu, har da na gilashi a kai. Mene ne?"

Turai tana da amsa huɗu a hannu, kuma babu mai rai da zai ƙaryata ta. Rana ta fi daɗin faɗa. Wadda ta yi wa makauniya alkawarin gani, me za ta zana mata in ba rana ba? Har ta ji yadda kalmar za ta fito, da yadda tsohuwar za ta gyaɗa kai ta riƙe ta har ƙarshen ranta.

"Ban sani ba, Inna. Ban taɓa tsayawa na duba ba."

Inna ta mayar da kai kan matashi. Yatsanta yana motsi a kan zanen gado, yana zagayawa, yana tsayawa, yana komawa, kamar ba da saninta ba. Can ta ce, "Miƙo hannunki."

Turai ta miƙa. Tsohuwar ta kama shi ta baje tafin a kan cinyarta, ta ɗora ɗan yatsa a gindin babban yatsa.

"Daga nan ya faro. Ya zagayo haka, bai haɗe ba, ya bar ƙofa. Nan akwai guda uku gajeru, sun fito waje. Nan ɗaya dogo, ya lanƙwasa ya koma ciki. A tsakiya ta danna babban yatsa sau biyu, ɗaya ya fi zurfi." Farcen yana tafiya a hankali, bai yi shakka ko sau ɗaya ba. Ya tsaya. "To, malama. Me kika gani?"

Turai ta kalli tafin hannunta. Babu komai sai layukan da fenti ya maƙale a ciki.

"Sake, Inna."

Inna ta ja ɗan tsaki, ta shafe tafin da gefen hannunta kamar mai daidaita ɗanyen yaɓe, ta koma gindin babban yatsa. Wannan karon Turai ta cire tabarau, ta rufe ido.